Yarinyar da Ta Toshe Hanyar Ruwa

Wata yarinya ce 'yar shekara tara. Ba ta da rashin kunya, ba ta da ƙiwa. Amma bakinta ba ya hutawa da tambaya. Me ya sa wata yake bin mota? Me ya sa albasa take sa hawaye? Shi ya sa babanta yake ce mata Uwar Tambaya.

Babanta makanike ne, yana gyaran manyan injuna. A birni suke zaune, a saman bene. Ba su da tsakar gida. Ruwan sama ma a garinsu ba ya daɗewa.

Wata rana Baba ya dawo da takarda a hannu.

"Na samu aiki a kudu," in ji shi. "Wani ƙaramin gari ne. Suna da wurin yanka katako, suna neman mai kula da injinsu."

"Da mu za a tafi?" in ji yarinyar.

"Da ke, da Mama, da Auta, da duk tambayoyinki. In motar ta iya ɗauka."

Suka ɗaure kaya, suka wuni a hanya. Yarinyar ta manna fuska a gilashi. Bishiyoyi suna ta ƙara tsawo, ciyawa tana ta ƙara yawa. Kafin su isa, Mama ta ce kanta ya fara ciwo da "me ya sa".

Sabon gidan ɗaki biyu ne, da rufin kwano, da 'yar tsakar gida. Yarinyar ta zagaya ko'ina tana kallo. Ta ga wani babban duro a ƙarƙashin bakin rufi, babu komai a ciki. Ta ga wani siririn rami ya ratsa tsakar gidan. Ramin ya tafi har gindin katanga, ya shige ta wata kafa.

Suna cikin shigar da kaya sai ga maƙwabciyarsu. Tsohuwa ce mai ɗinki, da tef a wuyanta. Kowa a layin Iya yake ce mata. Ta yi musu sannu da zuwa, ta fita, ta dawo da bulo huɗu, biyu-biyu.

"Wane akwati ne ya fi muku daraja?" in ji ta.

Baba ya nuna wani tsohon akwatin kwali. "Wannan, Iya. Takarduna ne a ciki."

"To, ku ɗora shi a kan waɗannan. A garin nan ba a ajiye kaya a ƙasa."

Yarinyar ta buɗe baki za ta yi tambaya. Mama ta ce, "Ke, kawo wa Iya kujera." Tambayar ta wuce.

Da yamma Baba ya tara su.

"Ku saurara da kyau. Sati biyu za su gwada ni. Ranar Litinin ta ƙarshe manaja zai duba takardar shaidar koyon aikina. In ya ga takardar, aiki ya tabbata. In babu ita, sai mu sake ɗaure kaya. Kada wanda ya taɓa akwatin nan."

"To, Baba," in ji su.

Aka sa yarinyar a makaranta. Ranar farko ta lura kowane yaro yana da laima, alhali rana ta fito sosai. Ta ɗaga hannu.

"Malama, me ya sa kowa yake zuwa da laima?"

Ajin ya fashe da dariya. Wata yarinya a baya ta ce, "Baƙuwa ba ta san ruwa ba."

Malama ta buga tebur. "Ku yi min shiru. Tambaya ce mai kyau. Nan garin ruwa ba ya sallama, shi ya sa."

Amma yarinyar ba ta ji yabon ba. Dariyar kawai ta ji. Ta sunkuyar da kai, ta ce a ranta, "Na daina tambaya. Zan riƙa gane komai da kaina."

Wannan shi ne kuskurenta na farko. Dariyar yara ba ta taɓa karya ƙashin kowa ba.

Kwanaki suka wuce, ba a yi ruwa ba sai yayyafi. Baba ya lura gidan ya yi tsit.

"Uwar Tambaya, lafiya? Ko a mota muka manta da tambayoyin?"

"Lafiya lau, Baba," in ji ta.

Ranar Asabar, saura kwana biyu Litinin, Auta yana gudu a tsakar gida. Ƙafarsa ta faɗa ramin nan, ya kurje gwiwa. Mama ta rarrashe shi, ta goya shi, ta ɗauki kwando.

"Zan je kasuwa. Ki share gida, ki kula da shanya."

Yarinyar ta tsuguna a bakin ramin tana kallo. Sai ga wani ɓera ya leƙo ta kafar katanga, ya koma.

"Yawwa, na gane," in ji ta. "Ta nan ɓeraye suke shigowa. Ramin nan hanyarsu ce. Ba shi da wani amfani."

Tana jin ƙarar keken ɗinkin Iya ta bayan katanga. Taku goma ne tsakaninsu. Da ta je ta tambaya, da labarin ya ƙare a nan. Ba ta je ba.

Ta nemi abin da za ta toshe kafar, ba ta samu ba. Sai ta tuna da bulo huɗun nan. Ta shiga ɗakin Baba. Ta tuna an ce kada a taɓa akwatin. Ta ce, "Ai ba buɗewa zan yi ba. Sauke shi kawai zan yi."

Ta sauke akwatin ƙasa. Ta kwashe bulon, ta cusa su a kafar. Ta liƙe gefe da taɓo. Ta ɗebo yashi ta cike ramin, ta tattake, ta share. Tsakar gidan ta yi sumul. Ta tsaya tana murna, tana jiran yabo.

Bayan azahar gari ya haɗe. Mama ta shigo da sauri, ba ta ko kalli ƙasa ba.

"Kwashe shanya, maza."

Suna shiga ɗaki ruwa ya sauko. Yarinyar ba ta taɓa ganin irinsa ba. Kwanon rufi yana ta ƙara, har ba a jin magana. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

Ruwa yana gangarowa daga rufi, yana zuba cikin duro. "Ashe aikin duron ke nan," in ji ta. Ta ji daɗi.

Duron ya cika, ya fara malala. Ruwan ya bi tsakar gida, ya nufi gindin katanga. Ya isa inda kafar take, ya tsaya. Ya fara taruwa.

Yarinyar ta kalli ruwan, ta kalli katangar. Yanzu ta gane aikin ramin, kuma ta gane aikin bulon.

Kafin ta iya magana, ruwa ya haye dokin ƙofa. Takalma suka fara yawo a ɗaki. Mama ta ɗora Auta a kan gado, tana kwasar tabarma.

Sai ga Iya ta shigo da fartanya, ta lulluɓa da leda.

"Ruwanku bai fito waje ba. Wa ya toshe rariya?"

Ta lalubi gindin katanga, ta sara, ta zaro bulo ɗaya. Ta ɗaga shi tana kallo.

"Wannan ai nawa ne."

Mama ta saki tabarma, ta ruga ɗakin Baba. Ta ɗaga akwatin. Gindinsa ya yi laushi, ruwa yana ɗiga.

Iya ta zare sauran bulon. Ruwa ya samu hanya, ya fice da gudu. Amma aikin gama ya gama.

Mama ta juyo. "Wa ya sauke akwatin nan?"

Yarinyar ta kalli Mama. Za ta iya yin shiru. Ba ta yi ba.

"Ni ce, Mama. Na ɗauka hanyar ɓeraye ce. Ba na so Auta ya sake faɗuwa."

"Wa kika tambaya?"

"Ban tambayi kowa ba."

"Ke da ba ki bar mutum ya sha ruwa ba don tambaya? Yau da ake buƙatarta kika haɗiye ta?"

Baba ya dawo a jiƙe. Ya buɗe akwatin. Takardun sun manne da juna. Ya daɗe yana kallonsu. Yarinyar ta gwammace a ce faɗa ya yi.

"Malam, yanzu ya za mu yi?" in ji Mama.

"Kada ka ja su, ɗan nan," in ji Iya. "Za su yage. Ku biyo ni da su." Ta kalli yarinyar. "Har ke, mai aikin gayya. Zo ki riƙe min ƙyalle."

A ɗakin Iya komai a sama yake. Keken ɗinki a kan katako, yadi a kan kanta, gado a kan bulo. Ta ɗauki siririyar wuƙa, ta raba takardun ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta ɗora takarda, ta rufe da wani. Ta ɗora dutsen guga mai ɗumi, ta ɗaga, ta sake ɗorawa.

Yarinyar ta yi ta haɗiye magana. Can ta kasa.

"Iya, me ya sa ba za a shanya su a rana ba?"

"Wace rana, ƙawata? In kin ga rana gobe, ki gaishe min da ita."

"Me ya sa dutsen ba shi da zafi sosai?"

"Don kada takarda ta ƙone, ko ta nannaɗe. Kin ga? Kin tambaya, na faɗa miki. Me ya cije ki?"

"A makaranta an yi min dariya."

"To, sai me? Shekara talatin da suka wuce ni ma baƙuwa ce a nan. Sai da na tambayi yadda ake hana ashana yin sanyi. An yi dariya, amma na hura wutata."

Takardun suka bushe. Takardar shaidar ta yi tabo kamar an zuba mata shayi. Sunan Baba yana nan, lambar tana nan. Amma hatimin ya baje, ba a gane shi sosai.

Baba ya kalli 'yarsa. "Gobe za ki haƙe ramin nan da hannunki. Jibi kuma tare za mu je. Ke za ki yi bayani."

Ranar Lahadi ta wuni tana haƙa. Tafin hannunta ya yi kanta. Mama ba ta taya ta ba, kuma daidai ne. Wanda ya ɓata shi yake gyarawa. Yarinyar ta wanke bulon, ta mayar da su ƙarƙashin akwatin.

Ranar Litinin da safe suka je wurin aikin Baba. Ga manyan gungumen itace a jibge. Ga zarto yana ƙara, garin katako yana tashi. Manajan dattijo ne mai tabarau. Ya karɓi takardar, ya ɗaga ta wajen taga.

"Me ya samu hatimin?"

Baba ya kalli yarinyar. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, ni ce. Na toshe rariyar gidanmu, ruwa ya shiga ɗaki. Ba laifin Baba ba ne."

"Me ya sa kika toshe?"

"Ban san aikinta ba, kuma ban tambaya ba."

Manajan ya sake duba takardar. Ya daɗe. Ya buɗe wani babban littafi, ya bi layi da yatsa.

"Lambar ta yi daidai da wadda aka aiko mana. Sunan ma haka. Kuma sati biyu ke nan injina bai tsaya ba." Ya miƙa wa Baba hannu. "Aiki ya tabbata. Amma ka sayi leda mai kauri ka sa takardar a ciki."

Baba ya sauke numfashi, ya yi godiya.

Manajan ya rako su waje, sai yarinyar ta tsaya. Ta ga an jera katako, an sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi. Ta kalli Baba, ta kalli manaja.

"Ranka ya daɗe, me ya sa ake sa sandunan nan a tsakani?"

"Don iska ta ratsa, katakon ya bushe. In babu su, ruɓewa zai yi. Kada ki zare min su."

"Ba zan zare ba."

Baba ya yi dariya. "Uwar Tambaya ta dawo."

Daga nan ya raka ta makaranta. A hanya ya saya mata laima. Ranar ta ɗaga hannu sau uku a aji. An yi dariya sau ɗaya, ba ta damu ba.

Yara, ku riƙe wannan. In kun je sabon wuri, duk abin da kuka tarar akwai dalilinsa. Kada ku cire, kada ku toshe, kada ku gyara, sai kun tambayi waɗanda suka riga ku zama. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce. Ɓarnar rashin tambaya tana iya taɓa gida duka.