Miyar da Auta Ba Ta Juya Ba

Akwai wata yarinya a unguwar Briqueterie da ke garin Yaoundé, 'yar aji shida, wadda kowa ke kira Auta. Kanta na ja, amma bakinta ya fi kanta gudu. Bara ta yi saukar Alƙur'ani, bana kuma aka naɗa ta shugabar aji. Tun daga ranar har tafiyarta ta canja.

Jarrabawar fita firamare ta matso. Malaminsu, Malam Mohaman Bello, ya ce zai riƙa yi musu bitar lissafi kyauta, sau ɗaya a mako. Sai dai gidansa na da nisa, can unguwar Elig-Edzoa, ba zai hau babur ya zo ya koyar da bencina ba. Ya sa Auta ta tambayi 'yan aji ranar da ta fi musu sauƙi.

Da aka fita hutu, hankalin Auta na wurin mai fanke, kada mai zafin ya ƙare. A kan layin ta tarar da ƙawayenta na bencin gaba, su takwas, yawancinsu 'yan unguwar Cité Verte. Ta tambaye su baki cike. Bakwai suka ce Asabar da safe. Ita ma Asabar ɗin ta fi mata, tunda ta gama da allo.

Ta goge hannu ta koma aji wurin Mesiye, kamar yadda suke kiran malamin da Faransanci.

"Mesiye, kusan kowa ya ce Asabar."

"Kusan kowa?" in ji malamin.

"Kusan kowa, Mesiye."

Ba ƙarya ta yi niyya ba. A ganinta, bakwai cikin takwas ai magana ta ƙare.

Ran Asabar aka tashi da ruwa. Malam Mohaman Bello ya iso da jar laka har gwiwar wando. Ajin da ke ɗaukar yara sama da sittin, ranar ko goma sha biyu ba su cika ba. Ya koyar da waɗanda suka zo, amma fuskarsa ba annuri. Da zai tafi ya ce in yara ba sa so, ba dole, ran Litinin zai soke bitar.

Auta ta kamo hanyar gida tana ta mita a zuci, wai 'yan ajinsu ragwaye ne. Da ta zo wucewa ta ƙofar wani zaure, sai ta ji karatu na tashi. Ta leƙa. Ga 'yan ajinsu nan jere, kowa da allonsa a cinya.

Ɗaya daga cikinsu ya taso. Haman ne, wani yaro ɗan Garwa da ke zama a bencin baya. Bara bai ci jarrabawar ba, lissafin rabawa ne ya kayar da shi.

"An yi bitar?" ya tambaya a hankali.

"An yi mana. Me ya hana ka zuwa?"

"Asabar ranar allo ce. Ke kin sauke, mu ba mu sauke ba." Ya dubi ƙasa. "Ni ba wanda ya tambaye ni."

 Kunya ta kama Auta, tausayi kuma ya fi kunyar. In aka soke bitar nan, Haman ne zai fi kowa asara.

A gida ta tarar da yayarta Lubna a kicin tana miyar gyaɗa. Lubna na jami'a, inda take karatun ƙididdiga, wato yadda ake tattara bayanai a gane abin da suke nufi. Auta ta kwashe labari duka ta gaya mata. Lubna ta tambaye ta mutum nawa ta tambaya, kuma su wane ne. Da ta ji amsa sai ta yi murmushi kawai.

Ta ɗebo gishiri ta zuba a gefe guda na tukunyar, ba ta juya ba. Ta kamfato daga wurin ta miƙa wa Auta.

Auta ta lasa, ta yamutsa fuska. "Zau, Yaya!"

Lubna ta kamfato daga ɗaya gefen. Wannan kuma lami. Sannan ta sa ludayi ta juya miyar sosai, ta sake ba ta. Yanzu ta yi daidai.

"To, kin gani," in ji Lubna. "Cokali ɗaya ya isa a san miya, amma sai an juya. Ke gefe guda kika ɗanɗana. Ƙawayenki malamin allo ke zuwa musu gida da yamma, shi ya sa Asabar ba ta dame su ba."

Ta ƙara da cewa su a jami'a, in mutane sun yi yawa kamar garin Yaoundé, sai su tsinto daga kowane ɓangare. Amma aji ɗaya ƙaramar tukunya ce, a tambayi kowa shi ya fi.

Ran Litinin Auta ta zo da gwangwanayen madara uku da tsakuwa cike da leda. Kafin malamin ya buɗe baki, ta miƙe.

"Mesiye, laifina ne. Mutum takwas kawai na tambaya. A ba ni dama in gyara."

Malamin ya dube ta, ya dubi gwangwanayen, ya ce bismilla.

Ta rubuta Laraba a jikin ɗaya, Alhamis a na biyu, Asabar a na uku. Ta yi bayani da Faransanci, ta maimaita da Hausa. Haman ya tashi ya faɗa da Fulatanci saboda 'yan uwansa na baya. Kowa ya zo ya jefa tsakuwarsa, har masu kunyar magana.

Da aka zazzage a kan tebur, ba sai an yi gardama ba. Tsibin Alhamis ya fi sauran biyun a haɗe, don ranar ce makarantun allo ke hutu. Tsibin Asabar kuwa ko tafin hannu bai cika ba. 'Yan bencin gaba suka ce su ma Alhamis ɗin ba ta hana su komai.

Ran Alhamis bayan an tashi, aji ya cika maƙil. Malam Mohaman Bello ya koyar yana raha. A mako na uku Haman ya fita gaban aji, ya yi lissafin rabawa daga sama har ƙasa, bai tsaya ba. Auta ce ta fara tafi.

Da sakamako ya fito, sunan Haman na cikin waɗanda suka ci. Ya zo har ƙofar gidansu Auta da ƙunshin tsire mai zafi, ya ce a ba shugabar aji.

Yara, kada ku ji ta bakin abokanku kawai ku ce kowa ya faɗa. Kafin ku ce "kowa", ku tambayi kanku: mutum nawa na tambaya, kuma wa na bari a baya? Ita dai Auta, har yau in aka ce mata kowa ya ce kaza, sai ta ce, "An juya tukunyar kuwa?"