Kwamfutar Ɗakin Jini Ta Ƙi Tashi

Ƙarfe tara na safe aka kira ofishin 'yan sanda daga asibiti. Wata mai jego ta rasu bayan an yi mata ƙarin jini, kuma da likita ya sake gwadawa ya ga ba rukuninta aka saka mata ba.

Insfekta ya isa tare da kofur ɗinsa. A baranda ya wuce mijin matar, wani tela, zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa, ƙanwarsa na jijjiga jaririyar.

Likita ya ce matar rukunin O ce, amma sakamakon da ya fito daga ɗakin gwajin jini ya ce A. Mutum biyu ke aiki a ɗakin: shugabansa, wanda kowa ke kira Baba, da wata mata da ake ce wa Anti. Sunan wanda ya shigar da sakamakon yana cikin kwamfuta.

Kwamfutar kuwa ta ƙi tashi. In an kunna ta sai baƙin allo da fararen layuka, ta fara duba fayilolinta, ta kai kashi sittin da ɗaya, ta tsaya tana cewa ta ga kurakurai.

Baba, dattijo mai shekara talatin da ɗaya a aikin, ya ce wuta aka ɗauke da safe. Anti ta ce haka ne, tana kallon ƙasa.

Insfekta ya hana kowa taɓa komai, ya kira wata Injiniya daga sashen kwamfuta na rundunar. Da ta iso ta yi masa bayani a sauƙaƙe: duk sanda na'urar ta tashi takan gwada jerin fayilolinta da abin da ke cikin faifan ajiya, kamar mai sito yana duba kantoci. In an katse ta tana tsakiyar rubutu, jerin da kayan sai su saɓa.

Ta durƙusa ƙarƙashin tebur, ta jawo wani baƙin akwati.

"Batirin riƙe wuta ne, yallaɓai. Cike yake, kuma bai nuna an ɗauke wuta yau ba. Daga bayan kwamfutar aka fizge waya."

Insfekta ya ware Anti a ofishin likita.

"Ƙarfe nawa kika zo?"

"Takwas."

"Kin ga an ɗauke wuta?"

Ta ce ba ta gani ba, Baba ne ya faɗa mata. Shi ya koya mata aiki, shi ya tsaya mata lokacin da mijinta ya rasu, ba za ta iya ƙaryata shi gaban mutane ba.

Injiniya ta cire faifan, ta kwafe shi, ta yi aiki a kan kwafin. Faifan lafiyarsa lau, bai tsufa ba, bai ƙone ba. Rubutu na ƙarshe ya katse ƙarfe bakwai da arba'in, minti ashirin bayan rasuwar matar. Abin da ya fi damunta shi ne an sake kunna na'urar bayan nan, ta nemi izinin gyara, wani ya yi ta amsa mata e ga kowace tambaya, har da masu cewa za a yanke fayil a zubar.

Gutsattsarin da suka rage ta same su a wata jaka, babu suna, sai lambobi. Sai bayan azahar ta tsinci wanda ake nema. Layi biyu ne: jiya an shigar da A, yau an yi ƙoƙarin mayar da shi O. Duka da lambar shiga ta Baba.

Ta buga shi a takarda. Insfekta ya miƙa wa Baba.

"Karanta mana, Baba."

Dattijon ya kai takardar kusa da hancinsa, ya matsar da ita nesa, ya juya wajen taga.

"Ba na gani," ya ce.

Ya zauna. Shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe masa gani, ya ɓoye, don saura wata takwas ya yi ritaya kuma bai san wani abu a duniya ba sai wannan ɗakin. Ya haddace wurin kowane maɓalli. Jiya kwalabe biyu suka zo tare, ya ɗauki sakamakon wata ya ba wata. Da ya ji ta rasu ya so ya gyara, sai ya tuna na'urar tana ajiye sunan duk wanda ya canja abu, ya firgita ya fizge wayar.

"Me ya sa ka sake kunnawa?" Insfekta ya tambaya.

"Na yi nadama, ɗana. Na so in tashe ta. Tana ta tambayata, ni kuma ba na ganin abin da take tambaya. Na yi ta danna e."

Injiniya ta ce a hankali, cikin abin da ya amince a zubar har da rajistar masu ba da jini, mutum dubu uku da lambobin wayarsu. Babu kwafi a ko'ina. Abin da za ta iya cetowa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Likita ya dafa bango. Akwai yara biyu da yake dubawa a kwance masu rukunin jinin da ba a cika samu ba, kuma a rajistar nan kaɗai yake da hanyar kiran masu ba su.

Baba ya tambaya ko za a bar shi ya tuno lambobin da ka. Ya fara, ya kawo huɗu, ta biyar ta kakare masa.

Insfekta ya rufe littafinsa. Kofur ya ciro ankwa, ya dubi hannuwan dattijon, ya mayar da ita aljihu. Ya kama shi a gwiwar hannu suka nufi mota, yana faɗa masa inda kowace matakala take.