Taragon Masu Ƙishirwa

Famfon unguwarsu ya kwana shida bai ɗiga ba, shi ya sa da yamma Kumai ya ɗaure jarka biyu a bayan keke, ya rataya kofin roba, ya nufi rafin da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, can bayan Kafanchan. Shekarar 1992 ce, bazara ta kama. Wata tara ke nan rabonsu da wasiƙar wansa Simon, sojan da aka kai yaƙin Laberiya. Uwarsu Emilia ta daina tambaya. Sai dai kullum takan ɗebe tuwon Simon ta rufe, da safe ta ba kaji.

A bakin rafin ya tarar da Mama Paulina tana matse wankinta. Tsohuwa ce da kowa ya san tarihinta. Lokacin yaƙin Biyafara, jirage kan wuce kudu cike da harsashi da buhunan gari, su dawo cike da mutane a kwance. Tsohon ɗakin ajiyar kaya da ke gefen rafin aka mayar asibitin soja, ita kuwa lokacin tana da ƙarfinta, ita ke wanke bandeji a kan dutsen nan da take tsaye. Yanzu ɗakin ba rufi, reshen layin dogon da ya nufe shi ciyawa ta haɗiye.

"Ɗan Emilia, sai yanzu? Mazan kirki sun ɗiba sun tafi."

"Mama, mazan kirki suna da mata masu tura su."

"To ka yi aure mana. Ko jira kake in haifa maka?" Ta yi dariya, sannan ta sassauta murya. "Simon fa?"

"Shiru, Mama."

"Ubangiji yana nan. Cika ka tafi, rana ta kusa faɗuwa."

Ya durƙusa yana zuba ruwa a jarka. Kwaɗi na ta kuka. Hayaƙin girki na saukowa daga gidajen ma'aikatan jirgi, da ƙamshin manja.

Sai kwaɗin suka yi tsit. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

Ƙamshin manjan ya ɓace. Wani wari irin na asibiti ya maye gurbinsa: aidin, da jini, da tsumman da ya daɗe a jiƙe.

Ƙarfen dogo ya soma amsawa a cikin ciyawa. Ba na kan gada ba. Wancan mataccen reshen.

Tarago ɗaya ne, ba inji, ba fitila. Yana tafe a hankali, ciyawa na kwanciya gabansa. A jikinsa akwai jan gicciye da ya koɗe. Ya tsaya daidai kangon, taku ashirin daga inda suke.

"Yesu," in ji Kumai.

"Sunkuyar da kai," Mama Paulina ta raɗa masa. Hannunta bai daina matse zane ba. "Yana zuwa haka in bazara ta yi zafi. Za su yi kira, su gaji, su wuce."

Ƙofar taragon ta ja da kanta.

Nishi ya fito tukuna, kafin magana. Muryoyi busassu, kamar ana taka karmami, kowace na roƙon abu ɗaya da harshenta.

"Ruwa."

"Wota, abeg."

"Mmiri."

Kumai ya kafe idonsa kan kofin hannunsa. Cike yake. Yana jin ɗigonsa a kan ƙafarsa.

"Kumai."

Wannan muryar ba ta bushe kamar sauran ba. Ita ce muryar da ta koya masa keke.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Mama Paulina ta yar da zanen ta biyo shi, tana ambaton sunan Uba da Ɗa.

A cikin taragon mutane ne jere a ƙasa, cikin tsofaffin kakin da ba a sawa yanzu. Idanunsu a buɗe, ba mai ƙiftawa. Leɓunansu kaɗai ke motsi. A bakin ƙofa kuwa, Simon ne kwance, kakinsa sabon yayi, an yage shi daga ƙirji. Cikinsa naɗe da bandeji, jini ya keto.

Simon ya ƙifta ido.

"Ƙanena. Ka zo da ruwa. Ba ni."

Kumai ya miƙa kofin. Tsohuwar ta cafke masa gwiwar hannu, da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

"A ciki aka harbe shi. Dubi ɗaurin."

"Mama, ƙishi yake ji."

"Mai raunin ciki ba a ba shi ruwa. Ya sha, ya tafi. Na ba wani a ɗakin can, don tausayi. Ga shi can, na uku daga bango." Ta ƙara riƙe masa hannu. "Sauran sun gama. Naka yana ƙifta ido. Yana kwance wani wuri da sauran numfashi, taragon ya ɗauko shi ne yana jira."

"Kumai," in ji Simon. "Ni na goya ka ranar da aka binne Baba. Kurɓi ɗaya."

Leɓunansa sun tsage. Harshensa fari fat.

"Kurɓi ɗaya, don Allah. Don Mama."

A gidansu ko maƙiyi ya roƙi ruwa, ba a tambayarsa sunansa sai ya sha. Kumai ya ji kofin ya yi masa nauyi kamar turmi.

Ya janye shi.

Ya tsoma bakin rigarsa, ya matse, ya goga a leɓen wansa. Simon ya kai haƙori ya kama rigar yana tsotsa, yana kuka ba hawaye.

"Mugu," ya ce a hankali. "Ɗan'uwana, mugu."

Na kwance cikin taragon suka ji ƙamshin ruwa.

Kawuna suka juyo, duka lokaci guda.

Hannu ya fito daga duhu ya damƙi wuyan hannun Kumai. Sanyi kamar ƙarfen asuba. Wani hannun ya kama kofin, yana turawa zuwa bakin Simon. Wani ya riƙe ƙafarsa.

Ruwan ya karkata. Saura ɗan yatsa.

"Zubar!" Mama Paulina ta yi ihu.

Ya kifar da kofin a kan duwatsun dogo.

Ƙarar da suka yi, bai taɓa iya kwatanta ta ga kowa ba. Ya fizge, fatar hannunsa ta saluɓe. Ya faɗi da baya, tsohuwar ta ja shi a ƙasa kamar buhu, suka faɗa cikin rafin.

Da ya ɗago kai, ba tarago. Ciyawar na kwance. Kwaɗo ɗaya ya gwada murya, sauran suka amsa.

Kafin Kirsimeti Simon ya dawo, a rame, da ɗinki daga ƙirji har cibiya. Uwarsu ta yi rawa a coci har ta faɗi.

Washegari da rana yana zaune a gindin mangwaro, Kumai ya kawo masa ruwan randa. Simon ya dubi kofin. Ya dubi tabon yatsu huɗu da ke wuyan hannun ƙanensa.

"Kwana biyu na yi a tanti ina ihun ruwa," ya ce. "Na kusa da ni, wani ya tausaya masa ya ba shi. Bai kai yamma ba. Likita ya ce hana ni ruwan da aka yi ne ya cece ni." Bai karɓi kofin ba. "Na sani. Amma na gan ka, Kumai. Kofi cike a hannunka."

Shekara uku suka ƙara a gida ɗaya kafin ciwon ya tashi ya tafi da shi. Sun yi noma tare, sun ci a kwano ɗaya. A ranarsa ta ƙarshe ba kowa a ɗakin sai Kumai. Likita ya riga ya ce a ba shi duk abin da yake so. Kumai ya tallabo kansa, ya kai masa ruwa baki.

Simon ya juya fuskarsa bango.