Taswirar Da Ta Tsallake Katanga

"Innalillahi! Wannan ai ƙofar gidanmu ce!"

Ita ce magana ta farko da Abdulbaqi ya ji daga bakinta, tun ma kafin ya ga fuskarta.

Yana tsaye ne gaban babban allo a wani ɗakin taro da ke GRA, yana nuna wa jama'a taswirar Bauchi da shi da abokan aikinsa suka yi shekara guda suna haɗawa. Ba irin ta takarda ba ce. Gari ne a tsaye, gidaje da tsayinsu, bishiyoyi da inuwarsu, ka sa yatsa ka juya shi yadda ka ga dama. Da dubban hotuna suka haɗa ta, waɗanda wani ɗan jirgi marar matuƙi ya ɗauko daga sama, sannan suka ɗora ta a intanet don kowa ya zaga garin daga wayarsa.

Yana cikin bin wani lungu ne a unguwar Jahun aka yi wannan salatin. Ya waiwayo. Wata budurwa ce cikin ɗaliban jami'a da suka zo daga Gubi, ta toshe baki da gefen mayafinta, idanu a waje.

"Wanne ne naku?" ya tambaya.

"Mai koren ƙyaure, kusa da bishiyar dogon yaro. Kai, har tsagewar dakalin nan ta fito!"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ita kunya ta rufe ta. Shi kuwa gogan naku, mutumin da ya haddace jawabinsa tsaf, sai ga shi ya manta inda ya tsaya. Har sau biyu ya ce Wunti yana nuna Yelwa.

Da aka tashi ya bi ta har bakin get.

"Ba ki faɗa mini sunanki ba."

"Ka riga ka san gidanmu, sunan ma sai ka nemo a taswirarka."

"Wannan kam jirginmu bai iya ɗauka ba."

Ta yi murmushi tana kallon ƙasa. "Amatullah."

Daga nan fa aka ƙulla. Wata biyar cur waya ba ta huta ba. Ya raɗa mata suna Arewata, wai duk taswirar da ba ta da kibiyar arewa ɓatar da mutum take yi. Ita kuma Mai Gari take ce masa, tunda ya sa gari a aljihu.

Wata safiya ya turo mata:

"Arewata, yau na auna. Daga ofishinmu zuwa ƙofarku kilomita huɗu ne da ɗan ɗoriya. Amma wallahi a zuciyata ko taku ɗaya babu."

Ta mayar masa:

"Mai Gari, ka rage daɗin baki ka yi aikinka. Ka karya kuwa? Na san ka, in ka zauna gaban kwamfutar nan mantawa kake da cikinka."

Mahaifinta, Malam Abdulsalami, malami ne na zaure, mai sanyin magana amma mai tsare gida. Shekara arba'in da aurensa, ba baligin da ya taɓa wuce zaurensa in ba muharrami ba. Ko mai gyaran wuta ne ya zo, sai an sanar da mata sun shige ɗaki. Ya binciki asalin Abdulbaqi ya gamsu, ko da yake sana'ar ce bai gane ba. Ya ce a turo magabata ranar Asabar.

To, akwai Mansir. Maƙwabcinsu ne, mai shagon waya a Wunti, wanda ya yi shekara biyu yana neman Amatullah tana ba shi haƙuri. Ranar Alhamis bayan la'asar, da ɗaliban Malam suka watse, ya matso gaban Malam ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, akwai abin da na gani, na kasa yin shiru."

Ya buɗe taswirar a wayarsa. Ga lungun, ga koren ƙyaure. Sai ya ɗaga ta sama da yatsa biyu, ya tsallake katanga, ya sauko.

Tsakar gidan Malam ce tsirara. Ga rijiya, ga turmi a kife, ga shanyar kayan mata reras a igiya. Ga kuma Inna, mahaifiyar Amatullah, zaune a tabarma tana tsintar shinkafa, da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali. Hoton ya ɗan baje, amma duk wanda ya san ta ba zai yi musu ba.

Carbin Malam ya suɓuce ya faɗi.

"Wa da wa ke ganin wannan?"

"Duk mai waya, Malam. Har na ƙasar waje."

"Tun yaushe?"

"Wata biyar. Kuma aikin Abdulbaqi ne."

 Malam ya yi salati. Ya ce a kira masa yaron yanzu-yanzu.

Abdulbaqi ya iso da murnarsa, yana zaton maganar Asabar ce. Aka miƙa masa wayar. Yana ganin hoton ya durƙusa a ƙasa. Shekara guda yana duba aikin nan, yana auna tsayin gini, yana gyara karkatar titi, yana alfahari da yadda komai ya fito tar. Ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa ya ce, to, wannan filin da ke bayan katanga na waye ba.

"Allah ya gafarta Malam, ban sani ba. Na'ura ce take haɗa..."

"Na'urar ita ta aiki kanta?"



Malam bai ɗaga murya ba, kuma da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Kullum ka zo nan kana tsayawa a bakin ƙofa ka yi sallama, ina cewa yaron kirki. Ashe ka riga ka shige mini gida ta sama, ba sallama, ka kuma bar wa duniya ƙofa a buɗe. Tashi ka tafi. Ka ce wa magabatanka su yi zamansu."

Kafin ya kai bakin titi saƙonta ya shigo:

"Inna ta shige ɗaki ta ƙi fitowa tsakar gida, sai kallon sama take yi. Ka faɗa mini gaskiya, ka taɓa leƙawa? Ni ma ka gan ni a haka?"

Ya tsaya a gefen kwata ya rubuta, yana share ido:

"Wallahi ban taɓa ba. Hoton ƙofarku kawai nake buɗewa in kalla in na yi kewarki. Amma wannan ba hujja ba ce, aikina ne, laifina ne. Ba zan ce ki yafe ba sai na gyara."

 Ta kifa wayar ta yi kuka mai isarta, don ta yarda da shi, kuma ta san Baba in ya faɗi magana ba ya janyewa da wasa.

Kafin magariba Abdulbaqi ya sauke taswirar daga intanet. Abokiyar aikinsa Marvellous ta dafe kai.

"Ka sauke duka? Saboda gida ɗaya?"

"Zo ki gani."

Ya buɗe mata unguwa bayan unguwa. Jahun, Bakaro, Ƙofar Dumi, har unguwar su Marvellous ɗin a Yelwa. Nan wata na wa yara wanka, can wata na kitso, can wani tsoho kwance ba riga. Da suka iso bayan gidan su Marvellous, ga banɗakinsu mara rufi a fili. Ta ce "Yesu!" ta ja kujera ta zauna.

Sati shida suka yi. Gida-gida suke bi a kwamfuta, suna shata katanga, suna lulluɓe tsakar gida da rufi mai launin ƙasa. Titi ya zauna, kasuwa ta zauna, masallaci da coci da makaranta duk suna nan, amma abin da ke bayan katanga ya rufu ruf. Da suka gama, Abdulbaqi ya goge hotunan asali da hannunsa, Marvellous tana tsaye a matsayin shaida.

Duk tsawon lokacin nan saƙo ɗaya Amatullah ta turo:

"Mansir ya aiko kawunsa. Na ce wa Baba karatu nake yi. Ban san iya kwanakin da wannan amsar za ta yi ba."

Ranar Litinin ya saɓa jakar kwamfutarsa ya nufi Jahun. Malam na cikin zaure, ana hango ƙafarsa. Abdulbaqi ya tsaya a waje ya yi sallama. Shiru. Ya sake. Shiru. Ya yi ta uku, sannan ya juya ya tafi, kamar yadda aka koya wa kowa tun yana ƙarami.

Talata haka. Laraba haka. Masu shago a lungun har sun fara tausaya masa. Ranar Alhamis, a sallama ta uku, muryar Malam ta fito can ƙasa.

"Wa alaikumus salam. Ba kyau a yi ta ƙin amsawa. Me ke tafe da kai?"

Ya shiga ya durƙusa, ya buɗe kwamfutar ya tura gabansa.

"Ga gidan, Allah ya gafarta Malam. Ku gwada shiga."

Malam ya daɗe yana kallonsa kafin ya ɗora yatsa. Ya tura ta ƙofa, hoton ya tsaya cak a bakin zaure, wani rubutu ya fito: "Iyakarka nan. Cikin gida na masu gida ne." Ya ɗaga ta sama yadda ya ga Mansir ya yi, ba komai sai rufi. Ya gwada gidan liman, haka. Ya gwada na maƙwabta, haka.

"Duk garin?"

"Duk inda muka ɗauka."

"Kai kana da mabuɗi ai."

"Babu. Na goge na asalin. Abin da mutane suka riga suka gani ne ba zan iya gogewa ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce zan iya ba."

Malam ya yi ajiyar zuciya. "Ba ni ka yi wa laifi ba." Ya juya wajen ƙofar cikin gida. "Kina ji ai."

Ashe Inna na tsaye bayan labule tun shigowarsa.

"Ina ji, Malam. Na yafe masa. Amma ni tambaya gare ni, sati shida tana cina. Shi wannan ya ɗauka bai san ni ce ba. Shi kuma Mansir da ya san gidan, ya san wadda ke ciki, me ya kai shi tsallake katangata? Ya tsaya ya ƙare mini kallo, sannan ya kawo maka?"

 Malam ya saki baki yana kallon labule. Wannan lissafin bai taɓa zuwa masa ba, shi da ke warware wa mutane mas'ala kullum.

"La ilaha illallahu," ya ce a hankali. "Kuma a gabana ya ƙara girman hoton."

"Ato," in ji Inna.

Malam ya shafa gemu, ya dubi Abdulbaqi da har yanzu kansa ke ƙasa.

"Kwana huɗu kana sallama a ƙofar nan. An amsa maka. Ka ce su zo Asabar."

Can cikin gida aka ji faɗuwar kwano, sai muryar Inna tana cewa, "Ke, laɓe kike yi mana?"

Bai kai ga hawa keke napep ba wayarsa ta yi ƙara:

"Mai Gari, na fasa wa Inna kwanon miya saboda kai. Ka ci abinci kuwa? An ce ka rame."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan, lungu ya cika har titi. Mansir bai zo ba, an ce ya yi tafiya Jos. Da yamma aka ce ango ya shigo gaisuwar surukai. Abdulbaqi ya zo ƙofar da ke ƙarshen zaure ya toge. Ya yi sallama da ƙarfi.

Matan gidan suka amsa baki ɗaya, aka ɗauki guɗa.

Ya shiga da ƙafar dama, idonsa a ƙasa, ya durƙusa gaban Inna. Amatullah na gefenta a lulluɓe, kafaɗunta na motsi, ba a san kuka take ko dariya ba.

"Ɗago kanka mana," in ji Inna. "Yau kam an yarje maka, gidanku ne."

Ta kamo hannun 'yarta ta ɗora a nasa.

"Ga ta nan, amana. Yadda ka rufa wa gari asiri, ka rufa mata. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya rufa muku asiri duniya da lahira."

Tsakar gida ta amsa da amin. Daga zaure, inda Malam ke zaune shi kaɗai yana sauraro, aka jiyo tasa amin ɗin ta fi ta kowa ƙarfi.