Launin da Ya Goge

Ranar da suka fara haɗuwa bai ga fuskarta ba. Hannuwanta kawai ya gani, su ma ba na gaske ba.

Cibiyar da yake aiki ta buɗe wani ɗaki wanda babu shi a doron ƙasa. Mutum zai sa babban gilashi mai rufe ido, ya riƙe 'yan sanduna biyu, sai ya tsinci kansa tsaye cikin zuciyar ɗan Adam mai girman falo. Daga hoton asibiti na gaske aka gina ta, don ɗalibai su shiga su zagaya. Shi masanin zuciya ne, aikinsa rubuta wa kowace jijiya sunanta. Ita mai zane ce, tana shiga daga ɗakin aikinta a can ƙarshen gari, tana shafa launi. A ciki kowa murya ne da hannu biyu masu yawo a iska.

"Malam, ka taka mini fenti," in ji muryar.

"Babu ƙasa a nan, balle fenti."

"To ka taka mini babu ɗina. Matsa."

Ya matsa. Ya kuma yi dariya, abin da abokan aikinsa suka daɗe ba su ji ba.

Launinta ne bai yi masa ba. Littattafan da ya haddace sun ce jinin da ya sha iska ja ake zana shi, wanda bai sha ba shuɗi. Ita kuwa ta zuba kore da ruwan goro da ruwan hoda, har da 'yan furanni a bango ɗaya.

"Wannan zuciya ce ko shagon yadi?"

"Kai dai ka rubuta sunayenka, Malam Ja-da-Shuɗi."

Sunan ya bi shi. Shi kuma ya sa mata Mai Launi.

Sati bakwai tana aikin. Ranar da manyan baƙi za su zo dubawa, ya shiga da safe kafin kowa. Ya goge launinta duka, ya shafa ja da shuɗi, da niyyar mayar mata da nata idan baƙi sun tafi. Sai ya danna ajiyewa, kamar yadda ya saba yi wa rubutunsa. Ɗakin kuwa abu na ƙarshe kaɗai yake riƙewa.

Baƙi suka yaba. Da ta shigo da rana, hannuwanta biyu suka tsaya cak a iska. Numfashinta kawai yake ji a kunnensa.

Shugabar cibiya ta tara su ta tambayi yadda aka yi. Aka ce ko na'ura ce ta koma kan tsohon tsari. Injiniyan da ke kula da ɗakin ya sunkuyar da kai, aka mayar da shi sito yana lissafin wayoyi. Masanin zuciya yana zaune a wurin, da digirinsa biyu da bakinsa lafiya lau, bai ce uffan ba.

Da yamma ya tura mata saƙo: "Mai Launi, sannu. Idan za ki sake, zan taya ki. Zan iya riƙe miki bokitin da babu shi."

Ta amsa: "Kana da kirki, Malam. Ka zo ɗakin aikina gobe, in ga fuskar mai kirkin."

Ya je. Ya same ta doguwa, da fenti a gwiwar hannu da tabo ƙarami a gira. Ya so ta tun kafin ya zauna, ya kuma san bai cancanta ba tun kafin ya tashi.

Wata huɗu suna sake shafawa tare. Saƙonni suka yawaita.

"Ka ci abinci, ko jijiyoyi ka ci?"

"Na ci. Ina kewar hannuwanki, na gaske da na iska."

Duk kirkin da ya yi mata, ita so take gani, shi kuwa ya san rabinsa tsoro ne.

Wata rana suna ciki, ta tsaya gaban bangon furannin ta ce, "Ba ya dawowa daidai."

"Ai ya yi kyau."

"Ba kyau nake nema ba. Ka san zuciyar wa muke ciki? Ta Mamana ce. Da ta rasu muka ba cibiya hoton. Launukan nan na kayan sawarta ne, an rabar da su tuni. Na farkon daga kaina na zana, lokacin ina tuna su sosai. Yanzu koren ya fara gudu mini. Na so in kawo Baba ya gani."

Ya cire gilashin ya zauna a ƙasa. Ya daɗe bai mayar ba.

Da ya je neman aurenta, ya tarar da Baba a shagonsa na gyaran agogo, da ƙaramin madubi a ido ɗaya. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, ya sallame shi da mutunci. Bayan saurayin ya fita, tsohon ya ce wa 'yarsa, "Ban yarda ba."

"Baba, don mun haɗu ido a rufe?"

"Ni da uwarki ido a buɗe muka haɗu, bai hana ni makara ba. Yaron nan ba ya kallon mutum. Akwai abin da ya haɗiye."

Ta yi fushi, ta kare shi da duk bakinta. Da ta ba saurayin labari, ya ji kamar a ce ta mare shi ya fi sauƙi.

Washegari ya sauka sito. Injiniya yana nan cikin kwalaye. Kowa ya san shi ma ya taɓa sonta, ta ce masa a'a cikin ladabi.

"Ango ya zo ganin talakawa," in ji Injiniya.

"Ni na goge."

"Na sani, malam. Ɗakin yana rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Tun ranar na gani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ni ma ban ajiye kwafi ba, wannan nawa ne. Sannan in na faɗa, za a ce kishi ne. Jira nake in ga ko kana da baki."

Ranar taron mako, gaban Shugaba da kowa, da ita a zaune a gefe, ya miƙe ya faɗi komai, bai rage ba. Aka mayar da Injiniya kan aikinsa, shi kuma aka cire sunansa daga jagorancin ɗakin. Ita ta ɗauki jakarta ta fita.

Ya tura mata: "Ba na neman ki yafe. Na goge ne don na ɗauka littafi ya fi ki sani. Na yi shiru ne don tsoro. Son kuwa gaskiya ne, amma na san ba ni da shaida."

Kwana ashirin da uku babu amsa. Sannan: "Wata huɗu kana kallona ina neman koren. Wannan ya fi gogewar ciwo. Asabar zan kawo Baba. Ka zo. Kada ka yi masa ƙarya ko ɗaya."

Da ƙyar gilashin ya zauna a kan tsohon. Ya shiga yana lalube, sannan ya tsaya. Ya kai hannu bangon furannin.

"Wannan koren bai kai nata duhu ba," ya ce wa 'yarsa. "Ƙara masa. Haka. Tsaya nan. Shi ne wanda ta sa ranar da muka tare."

Ta yi kuka cikin gilashin, babu halin share hawaye.

"Kai, mai gogewa," in ji Baba. "Nuna mini inda ya lalace. Likitoci Turanci suka yi mini."

Ya kai shi gaban wata ƙofa mai murfi a tsakiyar zuciyar. Ya nuna masa yadda ta ƙanƙance ta yi tauri, jini yana wucewa da ƙyar.

"Ranar ta ce ƙirjinta na ciwo," in ji Baba. "Na ce bari in ƙarasa agogon wani. Awa ɗaya na yi. Shekara uku ina ƙirga awar nan. Ita ce ta kashe ta?"

Amsa mai daɗi tana bakinsa, ya haɗiye ta.

"Baba, da shekara ɗaya kafin nan aka gano, wataƙila da an yi wani abu. Ba zan ce maka a'a ba. Amma awar nan ba ita ba ce. Ko ka ɗauke ta a guje tun kalmar farko, ƙofar nan ta riga ta gama."

Tsohon ya daɗe tsaye cikin zuciyar matarsa. Da ya cire gilashin, ya dubi saurayin, saurayin bai kawar da kai ba.

"Yau ka kalle ni," ya ce. Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma fa?"

"Ban gama fushi ba, Baba."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta sunkuyar da kai tana murza fentin hannunta. "Ina sonsa."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Injiniya ya zo, ya ci ya ƙoshi, ya ce wa ango ya ajiye kwafi uku na komai, har da amarya in za ta yarda. A cibiya kuwa ɗalibai suna shiga zuciya ja da shuɗi, sai su taɓa bango ɗaya ta koma kore da furanni.

Baba ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya da tsawon kwana tare. In ɗayanku ya ce wani wuri na masa ciwo, ɗayan ya ajiye abin da ke hannunsa."

Suka ce amin.