Fayil ɗin Kyaftin Kpodo

Ranar Lahadi da misalin ƙarfe biyu na rana, Sufeto Adwoa Bentsil ta warware ganyen tuwon dokununta ke nan ta kai loma ɗaya, sai Saje Nkansah ya leƙo ofishinta.

"Madam, wani soja ne a teburin karɓar ƙara. Ya ce an yi masa sata."

"Soja? Ba su da 'yan sandansu a bariki ne?"

"Na gaya masa. Ya ce a gidan tsohuwarsa aka yi, nan cikin Takoradi."

Ta ture kwanon gefe, ta wanke hannu. "Shigo da shi."

Mutumin da ya shigo dogo ne, furfura ta fara cin gefen kansa, har yanzu zanen zuwa coci na yafe a kafaɗarsa. Ya ce sunansa Kyaftin Selorm Kpodo.

"Me aka ɗauka?"

"Ambulan ɗaya."

"Me ke ciki?"

"Takarda guda, Madam. Amma aikina na shekara goma sha takwas yana rataye da ita."

Ya zauna ya yi bayani. Sau biyu ana fitar da sunayen waɗanda aka ƙara wa girma zuwa Manjo, sau biyu babu nasa. Waɗanda suka shiga soja rana ɗaya da shi, yau shi ke sara musu. Da abin ya ishe shi ya nemi izinin ganin fayil ɗinsa, sai ya tarar da wata wasiƙar gargaɗi. Wai shekara tara da suka wuce, a wajen aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, Laftanar S. Kpodo ya bar wurin gadi, ya sha ya bugu, ya kifar da motar soja a rami.

"Kuma ba kai ba ne?"

"A ranar ina kwance a asibitin sansani, an feɗe cinyata ana ciro ɓarɓashin bam. Ko fitsari sai an tallabe ni. Ban taɓa ganin wasiƙar ba, sa hannun da ke jikinta ma ba nawa ba ne."

Shekara biyu ya yi yana bin sawun takardar asibitin, domin an daɗe da tashin sansanin. Makon jiya ta iso, da hatimin likita. Kwamitin gyaran takardun aiki zai zauna a Accra ranar Juma'a. In suka share wasiƙar, za a sake duba ƙarin girmansa. In ba haka ba, Disamba na zuwa shekarunsa za su fitar da shi a matsayin Kyaftin.

"Ba ka ɗauki hotonta a waya ba?"

"Na ɗauka. Kwamiti ba ya karɓar hoto, sai ta ainihi."

Sufeto ta ɗauki hularta. "Saje, tada mota."

Gidan ƙarami ne, a wani lungu da iskar teku ta cinye fentin bangonsa. Kyaftin da mahaifiyarsa sun fita coci ƙarfe tara, sun dawo ƙarfe ɗaya. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Kwamfutarsa na kan tebur, sarƙar tsohuwa na kan madubi.

"Wannan ɓarawon ƙoshi gare shi," in ji Saje.

Fayil ɗin ƙarar da ya shigar gaban kwamitin yana cikin aljihun tebur, an ɗaure shi da koren zare. Sufeto ta tsaya tana kallon ƙullin. An zagaya zaren sau biyu, an soke bakinsa a ƙasa, ya kwanta lif kamar an yi masa guga.

"Kai ka ɗaure wannan?"

Kyaftin ya duba. "A'a. Ni yadda nake ɗaure takalmi nake ɗaure shi."

"To mai ɗaukar takardarka ya gama, ya jera sauran, ya ɗaure maka da kyau. Wa ke da makulli bayan ku?"

"Akwai ɗaya wajen Anti Esi, mai dokunu a bakin lungu."

Anti Esi mace ce mai jiki, tana juya kifi a mai. Da ta ga kaki sai ta hau rantsuwa tun ba a tambaye ta ba.

"Ni dai tun safe ina nan. Ko taku ɗaya ban yi ba. Makulli ga shi can a ƙusa, ba wanda ya taɓa."

"Tun safe, Anti?"

"Tun safe, 'yata."

"To ga kifin can a gefe ya ƙone ƙurmus har guda shida. Kina zaune ya ƙone?"

Anti Esi ta dubi kifin, ta dubi Kyaftin, ta yi ƙasa da murya. "Surukata ce naƙuda ta kama. Na ruga na sa ta a tasi, ban fi rabin awa ba. Selorm, kar ka gaya wa uwarka, za ta cinye ni ɗanya."

"Ƙarfe nawa?"

"Wajen goma da rabi."

"Da kika dawo fa?"

"Makullin na nan. Sai dai a ƙusar sama na tarar da shi, ni kuwa a ta ƙasa nake ratayewa, hannuna ba ya kai wa sama. Na kuma hango bayan wani dattijo yana shan kwana, da farin zanen coci da baƙar lema. Amma ranar Lahadi ce, rabin garin nan haka suke."

A hanyar komawa mota Sufeto ta tambayi Kyaftin su wa suka san takardar ta iso.

"Mama, matata a bariki, sai Egya Quansah."

"Wane ne shi?"

"Tsohon akawun ofishin ajiyar takardun soja ne, ya yi ritaya. Shi ya rubuta min ƙarar tun daga farko, ko sisi bai karɓa ba. Madam, kar ma ki kai tunaninki can. Mutumin nan tamkar ubana ne."

"Gaisuwa kawai za mu je," in ji ta.

Washegari da hantsi Sufeto da Saje suka sami Egya Quansah a barandarsa, gaban wata tsohuwar tafireta, yana buga wa mutanen unguwa takardun koke. Siriri ne, tsaf-tsaf, da tabarau a kan hanci. Ya shigar da su falo, ya sa aka kawo ruwan kwakwa.

"Na ji labari, 'yata. Jiya ban iya cin abinci ba. Yaron nan ya wahala."

"Ina kake jiya daga goma zuwa sha ɗaya, Egya?"

Ya yi dariya. "Har da ni? To, aikinki ne. Ina coci tun tara har ɗaya. Ni na yi karatu na biyu ma daga Littafi Mai Tsarki."

"Kana da kwafin ƙarar? Ina so in karanta."

"Ni da ajiye takarda? Ai ko rasidin kekena na farko yana nan."

Yana cikin ɗaki, Sufeto ta miƙe tana duba hotunan bango. Akwai na bikin aure: amarya cikin farin lesi, ango cikin kakin soja, Egya a tsakiya yana murmushi. Ta matsa kusa ta karanta sunan da ke ƙirjin angon.

Egya ya fito da takardun, ya jera su a gwiwa yana magana, hannunsa na aiki shi kaɗai. Ya zagaya zare sau biyu, ya soke bakinsa a ƙasa, ya miƙa mata.

"Wannan 'yarka ce?" ta tambaya.

"Araba ke nan, autata. Mijinta Manjo ne yanzu."

"Allah ya ƙara girma. Ya sunansa?"

Egya ya cire tabarau yana gogewa. "Sena."

"Sena wa?"

"Kpogo."

Da suka shiga mota Saje ya ce, "Madam, na ga ƙullin. Amma duk wanda ya yi aikin rijista haka yake ɗaurewa."

"Gaskiya ne. Rubuta min Kpodo a littafinka. Yanzu rubuta Kpogo a ƙasa."

Saje ya rubuta, ya zuba wa takardar ido. "Kai! Harafi ɗaya!"

"Kuma Selorm da Sena, duka da S suka fara. Cocin nan na Egya, ba nan matarka take waƙa ba?"

"Nan ne. Bari in kira ta, ita ko tari aka yi a coci sai ta san mai shi."

Ya kira ta, ya buɗe muryar wayar don Sufeto ta ji. Matar ta ce Egya Quansah dai ya zo, amma ana fara waƙa ta uku ya fice riƙe da ciki. Karatu na biyu wani malamin makaranta ne ya yi, ya kuma yi ta tuntuɓe da sunaye har yara na dariya. Sai wajen addu'ar rufewa Egya ya dawo, gumi sharkaf.

Sufeto ta kira Kyaftin. "Ka san wani Sena Kpogo?"

"Ajinmu ɗaya. Lambarsa ke bin tawa, saboda jerin haruffa. Tare muka je aikin nan na ƙasar waje, amma sansaninmu daban. Me ya faru?"

"Ka san surukin Egya Quansah ne?"



"Bai taɓa gaya min ba," in ji shi. "Kullum a baranda muke zama."

Sai ranar Laraba takardar izinin bincike ta fito daga kotu. Kyaftin ya roƙa a bar shi ya bi su, Sufeto ta yarda bisa sharaɗin zai riƙe hannunsa da bakinsa.

Egya Quansah na ganinsu su uku ya rufe tafiretarsa, ya sallami matar da yake buga wa takarda.

"Egya," in ji Sufeto, "ka ce kai ka yi karatu na biyu. Malamin makaranta ne ya yi. Ka bar coci wajen goma. Hannunka ya kai ƙusar da na Anti Esi ba ya kaiwa. Ka san inda fayil yake, ka kuma ɗaure shi irin ɗaurinka. Ga takardar bincike. Mu birkice gidan a gaban iyalinka, ko za ka hutar da mu?"

"Ciki ne ya murɗa min, na je gida..."

"Shekara tara da suka wuce, wa ke karɓar wasiƙun da ke zuwa daga sansanonin waje?"

Sufeto ta ƙara matsowa kusa da shi.

"In kwamiti ya ga Kpodo na asibiti a ranar, tambaya ta gaba ita ce, to wasiƙar ta wace ce? Za su buɗe rijista. Rubutun wa za su gani?"

Dattijon ya dafa tebur ya zauna a hankali. Ya dubi Kyaftin, sannan ya kawar da kai.

"Araba ce ta zo min da cikin wata bakwai tana kuka," ya ce. "Ta ce za a kori mijinta. Kwana uku bayan nan wasiƙar ta iso tebur ɗina. Na goge harafi ɗaya da lamba ɗaya, na buga wasu, na sa hannu a madadinka. Minti biyar bai cika ba. Na ce wa raina, wannan yaron jarumi ne, wasiƙa ɗaya ba za ta kayar da shi ba."

"Manjo Kpogo ya sani?"

"Bai tambaye ni inda wasiƙar ta shiga ba, ni ma ban gaya masa ba."

"Egya," Kyaftin ya ce, "shekara biyu ina zama a barandar nan. Matarka na zuba min fufu. Kana kallona ina kuka."

"Ina kallo. Na ce bari in taimake ka, ko Allah ya rage min. Ban taɓa zaton takardar asibitin za ta fito ba. Da ka zo kana murna ka ce ta iso, na san asirina zai tonu."

"Ina take?" in ji Sufeto. "Ka ƙona?"

Ya girgiza kai. "Shekara talatin da ɗaya ina tsare takardun gwamnati. Sau uku na ƙyasta ashana, hannuna ya ƙi."

Ya ɗaga tafiretar. Ambulan ɗin na ƙarƙashinta, ko lanƙwasa bai yi ba. Saje ya buɗe, ya ɗauki hoto, ya rubuta a littafi, sannan ya nuna wa Kyaftin hatimin likita. Kyaftin ya juya baya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na motsi.

"Kyaftin, za ka sa hannu ka tafi da takardar Accra, ka dawo mana da ita saboda kotu," in ji Sufeto. "Egya, kai kuma za mu tafi. Shiga gida da sata namu ne, maganar wasiƙa kuwa sojoji za su zo su same ka."

Saje ya ciro ankwa, ta yi masa alama ya mayar.

"Alfarma ɗaya, 'yata," in ji Egya. "Takardar asibiti za ta nuna ba shi ba ne, amma suna iya cewa kwanan wata aka yi kuskure, su ɗage zama wata shida. Na san su. Ki bar ni in rubuta abin da na yi, da lambar shafin rijista, a kai wa kwamiti. Da wannan ba su da abin jira."

"Ka san surukinka zai shiga ciki?"

"Na sani. Araba ba za ta sake kallona ba. Amma ya isa haka."

"A ofis za ka rubuta, a gaban shaida. Yau zan buga hatimi in ba Kyaftin kwafi."

Suka fito. Maƙwabta sun tsaya cirko-cirko a bakin ƙofofinsu. Da Egya ya zo shiga mota sai ya tsaya, ya haɗe ƙafafu, ya ɗaga hannu ya sara wa Kyaftin.

"Manjo," ya ce.

Kyaftin ya daɗe yana kallonsa. Bai rama ba, amma ya matso ya riƙe masa ƙofa har ya zauna.

"Tukuna, Egya. Sai kwamiti ya faɗa."

"Za su faɗa," in ji Sufeto. "Je ka goge kakinka, ka biyo ta ofis ƙarfe huɗu. Kuma gobe ka kama hanyar Accra, kar ka jira Juma'a. Ban yarda da tayoyin motocin nan ba."

A karo na farko tun ranar Lahadi, Kyaftin Kpodo ya yi dariya. Saje ya tada mota, suka fice daga lungun da Egya Quansah a kujerar baya, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, yana jera kalmomin da zai rubuta.