Baƙuwa Mai Goyo a Shagon Gem

An ɗauke wuta bayan isha'i, sai muka taru a soro kan tabarma ɗaya. Yaya Tukur, ɗan wan babanmu, ya miƙa hannu ya karɓe wayar da Nafi'u yake ta dannawa, ya kife ta a cinyarsa. Ya ce mu matso. Ya ce abin da zai faɗa ba tatsuniya ba ce, don haka kada kowa ya ce masa ta zo mu ji ta.

Ya sassauta murya, ya fara.

Akwai wani abokina a Gusau, Lawwali. Tare muka yi makarantar allo. Da ya girma sai ya buɗe shagon gem, inda ake biya a yi wasa a talabijin, a ƙarshen wani lungu da ke bayan kasuwa, inda a da kududdufi ne aka cike shi da shara. Shagon ɗaki ɗaya ne. Ƙofar ƙarfe, taga ɗaya mai waya, benci biyu, talabijin uku.

Samari ƙwallo suke zuwa bugawa. Shi kuwa Lawwali yana da nasa wasan, wanda ba ya sa wa kowa sai an watse. A cikinsa an kulle mutum a wani tsohon gidan sama, babu wuta, sai 'yar tocila a hannunsa. Wasu halittu suna yawo a gidan suna nemansa. Aikinka ka ɓuya, ka lallaɓa, ka nemo makulli, ka fita da ranka.

Kafin a fara akwai wurin saiti. A nan kake zaɓar ƙarfin masu farautarka. Layin jinsu daban, na ganinsu daban, na gudunsu daban. Ka ga dama ka ja layin sama, ka ga dama ka ja shi ƙasa. Lawwali kullum ƙasa yake ja, har ƙarshe. Sai halittun su koma kurame, makafi, suna jan ƙafa kamar masu jinya. Ya zagaya bayansu ya kwaɗa musu itace yana dariya. Wani lokaci ya tsaya a gabansu yana rawa, su kuma suna lalube.

Ran nan da damina, hadari ya haɗu tun la'asar. Samari suka gudu gida. Ruwa ya sauko, lungu ya cika. Lawwali ya ga babu hanyar fita, ya zauna ya kunna wasansa. Almuru ta yi bai sani ba.

Sai ya ji sallama.

Mace ce a bakin ƙofa, da goyo a bayanta, ta lulluɓe shi da zane. Ta ce ko zai bari su fake. Ya ce ta shigo, Bismillah. Ta tsaya cak, har sai da ya sake cewa ta shigo kawai, sannan ta tako.

Ta zauna a bencin da ke gefensa. Ya lura zanenta a bushe yake. Ruwa kamar da bakin ƙwarya a waje, amma ko ɗigo babu a jikinta. Ya lura kuma ƙafafun goyon sun yi tsawo. Tana zaune, suna taɓa ƙasa.

Ya mayar da idonsa kan talabijin.

"Malam, me ya sa waɗannan ba sa ganinka?"

A gefensa take, amma muryar daga bayan wuyansa ta fito. Ya amsa mata cewa shi ya rage musu ƙarfi, don wasan ya yi sauƙi. Ta ce ɗanta kullum yana leƙe ta tagar nan. Kullum sai ya koma gida yana kuka, ya ƙi cin abinci, yana cewa mai shago ya makantar da su yana dukansu.

Lawwali ya san tagar nan. Bayanta babu gida, babu hanya. Ragowar kududdufin ne kawai.

Ya ɗan sunkuya kamar zai gyara waya, ya saci kallon ƙafarta. Dugaduganta ne suke fuskantar talabijin. Yatsun suna kallon ƙofa.

Ya miƙe a hankali, ya ce bari ya duba janareta. Ba ta hana shi ba. Ya isa ƙofa ya tura. Ƙofar ta buɗe, ya sa ƙafa waje, ya ɗaga kai. Ga benci biyu, ga talabijin uku, ga matar nan zaune ta ba shi baya. Ya juya ya sake fita. Ɗakin ne dai. Ya sake. Ɗakin ne.

Ya so ya yi addu'a, harshensa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Ya fizge wayar wuta daga bango. Talabijin biyu suka mutu. Ta ukun ta ci gaba da haske.

"Zauna," in ji ta. "Ka sake musu kunne."

Ya zauna. Ya ɗauki hannun gem, abin nan da ake riƙewa ana dannawa. Ya ja layin ji har sama. Nan take ƙarar ruwa a kan kwano ta ɗauke. Ɗakin ya yi tsit, har yana jin bugun zuciyarsa.

Ta ce ya sake musu ido. Ya ja. Duhun da ke kusurwar ɗakin ya ƙara kauri, ya fara jin ana kallonsa ta ko'ina.

Ta ce saura ƙafa. A nan ya roƙe ta. Ya ce a haka babu wanda ya taɓa fita daga gidan. Ta ce in ya fita daga wancan, zai fita daga wannan. Ya tambaye ta in bai fita ba fa. Sai goyon ya motsa a ƙarƙashin zane.

Ya ja layin ƙarshe.

Wasa ya fara. Mutuminsa yana tsaye a wani dogon baranda da tocilarsa. Lawwali ya kashe tocilar, ya bi jikin bango, taku ɗaya, ya tsaya, taku ɗaya. Bencin da yake zaune ya yi 'yar ƙara. Duk halittun da ke cikin talabijin suka juyo lokaci guda. Ba wajen mutuminsa suka juyo ba. Wajensa suka juyo.

Daga nan ya daina motsi in ban da yatsunsa. Ya shigar da mutuminsa cikin wata durowa ya rufe. Wata halitta ta zo ta tsaya a bakin durowar tana shinshina. A daidai kunnensa na hagu ya ji iska mai sanyi, tana shiga tana fita. Ya riƙe numfashi. Zufa ta gangaro masa cikin ido, bai share ba. Ƙirjinsa ya fara zafi. Sai da ya ga duhu-duhu kafin halittar ta wuce.

Ya samo makullin a ƙarƙashin bene. Yana ɗauka, suka gan shi. Ya ruga. A da yana tafiya ma ba sa cim masa, yanzu kuwa kafin ya sha kwana, ɗaya daga cikinsu ta kai masa yakushi a baya. Lawwali ya ji rigarsa ta yage. Wani abu mai ɗumi ya fara bin bayansa.

Ya iso babbar ƙofar gidan. A gabanta wata ƙaramar halitta ce tsaye, tsawonta bai wuce na yaro ba. Ita ce wadda ya fi duka a kullum, don ta fi sauƙin samu. Yanzu idanunta a buɗe suke tar. Ga itace a ƙasa kusa da ƙafar mutuminsa. Sauran suna tahowa a baya.

Ya dubi itacen. Sai ya ji goyon nan ya fara wani siririn kuka a ƙarƙashin zane, irin na yaron da ya ga an ɗauko bulala.

Bai ɗauki itacen ba. Ya ajiye hannun gem a kan benci, tsakaninsa da matar.

"Baiwar Allah, na sallama," ya ce. "Ɗanki ya fi ni. A ba shi haƙuri."

Kukan ya tsaya. Wani hannu ya fito daga cikin zanen, siriri, dogo, toka-toka. Ya lalubo hannun gem ya ja shi ciki. Sai dariya, 'yar ƙarama, ta yaro mai jin daɗi.

Matar ta miƙe. Ta ce yau ɗanta zai ci abinci. Ta nufi ƙofa, fuskarta a gaba, sawunta yana komawa baya. Ƙarar ruwa ta dawo kan kwano. Talabijin ta mutu.

Lawwali ya rarrafa ya fita. Lungu ne, da ruwa har gwiwa. Ya faɗa ciki da gudu, bai tsaya ba sai gidan yayarsa. Ita ta wanke masa baya. Ta ce sawun farce ne, amma ƙanana, kamar na yaro.

Ya yi jinya. Da ya warke ya koma shagon da rana tsaka, tare da mutane, don ya kwashe kaya. A kan bencin, inda ya ajiye hannun gem, suka tarar da wata 'yar saniya ta laka, irin wadda yara suke ginawa a bakin ruwa. Da ƙahonninta, da tozonta. Lakar ɗanya ce.

Wani tsoho maƙwabcinsa ya duba ya girgiza kai. Ya ce yaro ya karɓi abin wasanka ya ba ka nasa, ai abota ce aka ƙulla.

Lawwali ya jefa ta a kududdufi. Da safe ya gan ta a kan tagar ɗakinsa. Ya sayar da shagon ya koma Zariya wurin kawunsa. Saniyar tana can kafin ya gama sauke kaya. Yanzu tela ne, yana da mata da 'ya'ya. Amma rana tana sunkuyawa yake rufe shago, ya shige cikin mutane, ba ya yarda ya zauna shi kaɗai a ɗaki. Ya ce in ya kuskura, sai ya ji danne-danne a bayan taga, a hankali, kamar mai jira a ce masa ya shigo.

Nan Yaya Tukur ya dasa aya. Uwani, ƙaramarmu, ta tambaya cikin raɗa ko ya ga saniyar da idonsa.

"Bara na je wurinsa," ya ce. "Na taɓa ta. Sai da na goge yatsana a riga."

Ya miƙa wa Nafi'u wayarsa. Nafi'u bai karɓa ba.

"In Allah ya kai ku Gusau," in ji Yaya Tukur, "kada wanda ya bi lungun bayan kasuwa shi kaɗai da almuru. In kuma ruwa ya tsare ku a wani wuri, aka yi muku sallama, ku fara duba ƙasa kafin ku amsa."